Wanda Zai Saɓa Maka Riga

Rigar mahaifina ta yi shekaru a cikin akwati a saman durowar tufafi, a gidan da muke haya a Badi'a, yammacin Riyad. Babbar riga ce ta saƙi, mai aska takwas a ƙirji da tambari a baya. Ita ce rabona da aka raba kayansa. Na taho da ita daga Zariya bayan zaman makoki, na naɗe ta da ƴan ƙwayoyin maganin asu, na ce zan riƙa sa ta ranar Sallah. Sallar farko na duba zafin garin na fasa. Ta biyu na ce sai na samo hular da ta dace da ita. Daga nan ban ƙara neman wani dalili ba, na bi sahun mutanen gari da farar jallabiyar nan da suke kira tob, wadda ba ta buƙatar komai a wurinka sai ka zura kai ka ɓalle maɓalli.

A gida malamin tarihi ne ni a makarantar sakandare. Karatun Larabci ya kawo ni Riyad, da na gama kuma wani kamfanin kayan gini a Nasiriyya ya ɗauke ni tafinta, na kawo matata. A nan muka haifi ɗanmu na fari, a nan ya yi rarrafe, a nan ya yi makaranta. Sau biyu ko uku kawai muka kai shi gida, yana ƙarami. Hausarsa tana nan, amma Larabci ne a bakinsa in ya yi fushi ko in ya ji daɗi.

Cikin shekarun dubu biyu da sha wani abu ya gama sakandare, zamansa a ƙarƙashin iƙamata, wato takardar izinin zama, ya zo ƙarshe. Ɗa namiji ba ya dawwama a takardar ubansa. Ko ya samu mai tsaya masa na kansa, ko ya bar ƙasar. Muka yanke shawara ya tafi Zariya wurin yayana, ya shiga jami'a a can. Uwarsa, wadda ba ta kiran sunansa don kunyar ɗan fari, ta wuni tana cewa, “Yaron nan ko tuwon dawa bai iya ci ba.”

Ana cikin haka yayana ya kira ni. Za a ɗaura wa ƴarsa aure jim kaɗan bayan isar yaron. A gidanmu uba ba ya ba da auren ƴarsa da bakinsa, ƙaninsa ko wansa ne yake bayarwa, saboda haka ni ya kamata in zauna a gaban liman. Kamfani kuwa bai ba ni hutu ba.

“Na san ba za ka samu zuwa ba,” in ji Yaya. “Kawu zai ba da auren. Amma gurbinka ba zai zauna wayam ba. Ɗanka zai zauna a wurin, cikin iyaye. Ka haɗo shi da rigar Malam, ita nake so ya sa.”

Malam shi ne mahaifinmu, haka kowa yake kiransa har mu ƴaƴansa. Na ce to, na yi godiya, na kashe waya. Na san gidanmu. Mutanen kirki ne, amma ba su raga wa kowa a wajen tsiya, musamman taubasan yaron, ƴaƴan ƙanwata. Ranar farko da ka shigo taro ita ce ranar da za a auna ka, in aka laƙaba maka suna kuma ka shiga kabari da shi. Akwai ɗan uwanmu da ya zame a bakin rijiya yana saurayi, yau yana da jikoki, har yanzu da wannan zamiyar ake kiransa. Ni tsorona ɗaya ne, kada a karɓi ɗana a matsayin baƙo. Baƙo ana ba shi tabarma mai kyau da ruwan sanyi, amma ba a shawara da shi. Ga shi ƙasar da aka haife shi ta ce ya kama hanya. In gidan ubansa ma ya yi masa kallon baƙo, ban san inda zai sa kansa ba.

Wata Juma'a bayan mun dawo masallaci na hau kujera na sauko da akwatin. Da na warware rigar, sai ƙamshin ɗakin Malam ya tashi, ko kuwa hancina ne ya ƙirƙiro shi, Allah ne masani. Babbar riga faɗinta ya wuce tsawon hannun mutum nesa ba kusa ba, in ka sake ta hannayenta har ƙasa suke jan ƙura. Dole ka tattaro kowane gefe ka saɓa shi a kafaɗa, in ya zame ka sake saɓawa, haka za ka wuni. Malam na hagu yake fara saɓawa, sannan na dama, ya ɗan girgiza kafaɗa don su zauna. Da rigarsa muke gane yanayinsa. In ya saɓa a hankali yana murmushi, akwai labari. In ya fizgo hannun rigar ya jefa shi baya da ƙarfi, mai laifi ya fara neman ƙofa.

Na zura wa yaron rigar a kan ƴar ciki da wando, na ɗora masa hula, na ja da baya. Tsawonsa ɗaya da kakansa, abin da ban taɓa lura da shi ba sai ranar. Na ce, “To, taka mu gani.”

Sai ya saki hannayen rigar suka zuba har ƙasa. Ya kamo gefen hagu ya matse shi a ƙarƙashin hammata, ya dafe da hannun hagu a kan ciki, ya bar hannun dama a sake, ya ɗaga haɓa, ya tako a hankali daga bakin kicin zuwa taga. Uwarsa ta toshe baki da gefen mayafi, dariya tana neman kayar da ita.

“Sannu da zuwa, ya Shehu,” ta ce. “A kawo gahawa?”

Ni ban yi dariya ba. Na gane abin da ya yi. Haka manyan Larabawan nan suke riƙe bishit, alkyabbarsu mai shara-shara mai bakin zinare, wadda ake yafawa a kan tob ranar aure ko ranar Idi. Hannun hagu yana tattare da gefenta, na dama a sake don gaisawa. Ita ce kaɗai babbar tufa da yaron ya tashi yana gani a jikin manya, a talabijin, a masallaci, a bikin yayyen abokansa. Bai taɓa sa ta ba ko sau ɗaya, kuma ba wanda zai ba ɗan tafinta baƙar fata bishit ya ce ya shiga sahun iyayen ango. Amma hannunsa ya hardace ta tsaf.

“Wa ya ce maka haka ake riƙe riga?” na tambaye shi, da faɗa a muryata.

“To yaya ake yi, Yuba?” Haka yake kirana in ya manta, kamar yadda ƴaƴan Riyad suke kiran ubanninsu. Ya ɗaga hannun rigar yana dubawa. “Wallahi wannan ba riga ba ce, ya'ani, tanti ce. Ka san me ta tuna mini? Toga. Irin ta Rumawa.”

Ya ciro waya ya nemo hoton wani gunkin dutse, mutum tsaye cikin mayafi mai ninki-ninki, ya miƙo mini don ya tsokane ni. Uwarsa ta ce, “Shi ke nan, ka taɓo malamin tarihi, yau ba mai cin abinci da zafinsa.”

Gaskiyarta. Na koyar da wannan tufa a aji, da alli a hannu, ga yaran da rabinsu ke gyangyaɗi. Toga mayafi ne na ulu, dogo ƙwarai, ba ɗinki ba maɓalli. A ɗora gefe ɗaya a kafaɗar hagu, a zagayo da shi ta baya, a biyo ta ƙarƙashin hammatar dama, a sake jefa shi a kafaɗar hagu. Duk wanda ya taɓa ɗaura harami zai gane fasalin. Da farko tufar kowa ce, ƙarama, ana aiki da ita. Sai ta yi ta faɗi tana nauyi har ta zama tufar taro da kotu, wadda hannun hagu ba shi da wani aiki sai ɗaukar ta. Mai neman muƙami ya goge tasa da farar ƙasa ta yi fari fat. Mai makoki ya sa mai duhu. Yaro yana sa mai jan baki, ranar da ya isa mutum a tuɓe masa ita a ba shi fara, ubansa ya raka shi dandalin gari kowa ya gan shi. A ƙarshe mutane suka gaji da nauyinta, suka koma wa riguna masu sauƙi, kamar dai yadda na koma wa tob.

Duk na faɗa masa wannan ina tsaye a tsakar falo. Na ƙara da ra'ayina, wanda ba ya cikin littafi, cewa kowace al'umma in ta so ta nuna girma sai ta ba mutum tufar da za ta hana shi gudu da ɗaukar kaya. Mai toga, mai bishit, mai babbar riga, duk tafiyarsu ɗaya ce, a hankali, don rigar ba za ta yarda da gaggawa ba. Daga nan bakina ya zarce. Na ce a Rum ɗan ƙasa ne kaɗai yake sa toga. Baƙo ba ya sa ta ko ya shekara nawa a garin, wanda aka kora daga gari kuma da ita ake raba shi.

Yaron ya dubi rigar. Hannunsa na hagu yana nan dafe da gefen rigar a kan cikinsa.

“Tayyib,” ya ce, wato da kyau. “To ni wacce ce tawa?”

Uwarsa ta tashi ta shiga kicin. Na ji tausayinsa, amma mu ba a koya mana yadda uba yake faɗa wa ɗa irin wannan ba. Sai na ce, “Wannan da ke jikinka. Cire ta in nuna maka.”

Na zura rigar, na tattaro hannun hagu na jefa shi kafaɗa kamar yadda na ga Malam yana yi. Ya zame ya faɗo. Na sake jefawa, na juya kan na dama, kafin in gama na hagun ya sake sulalewa. Saƙi yana da nauyi, akwai kuma wata ƴar karkata da kafaɗa take yi ta tare shi, wadda ba da tunani ake yin ta ba. Da ina da ita. Shekarun tob da kujerar ofis sun tafi da ita ban sani ba. Na tsaya ina kokawa da rigar ubana a gaban ɗana, gumi yana keto mini duk da na'urar sanyi.

“Baba,” ya ce, yana danne dariya, “mu biyu ne ke nan.”

Muka mai da shi aikin kowace Juma'a da rana. Mu ja teburin falo gefe, mu tsaya gaban madubin durowa, in gwada ya gwada. Tawa kafaɗar ta ɗan tuno, ba duka ba. Shi kuwa ya iya, in yana kallon madubi kuma hankalinsa yana wurin. Hannun rigar ya maƙale a mariƙin ƙofa, ya share kofin shayi daga kan tebur, sau ɗaya ya leƙa cikin miyar kuka, uwarsa ta wuni tana goge wurin da tsumma tana mita. Na koya masa durƙuso a cikinta, da yadda ake tattare ta kafin a zauna a tabarma, da jerin gaisuwa daga lafiya zuwa gajiya zuwa iyali. Sai dai na lura da abu ɗaya. Muddin na yi masa tambayar ba-zata, ko aka ƙwanƙwasa ƙofa, hannun hagun nan sai ya koma ya kamo gefen riga ya matse. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na tsaya sai da ya yi gemu.

Ranar tafiyarsa na naɗe rigar da kaina na sa ta a saman kayansa. A filin jirgi na yi masa nasiha kan salla da abokai da girmama Baffansa, wato yayana. Maganata ta ƙarshe, da ya kamata ta zama addu'a, sai ta fito, “Ka tuna, hagu sannan dama.” Ya ce, “Halas, Baba,” wato shi ke nan a Larabcinsu, ya rungume ni irin ta Larabawa, ya sumbaci goshina, ya shige.

Ranar Asabar aka ɗaura auren, mu kuma muna aiki Asabar. Bayan azahar na fito na zauna a mota a inuwar ginin ofis, na kunna sanyi, waya a hannu. Ɗaya daga cikin taubasan ne ya turo bidiyon, da ƴan fuskokin dariya a ƙasansa. Na buɗe.

Ƙofar gidanmu ce, an shimfiɗa tabarmi har bakin masallacin unguwa, dattawa sun zazzauna. Ga ɗana ya fito daga zaure cikin rigar Malam. Da ya ga yawan idanun da suka juyo kansa sai ya tsaya. Hannayen rigar suka zame daga kafaɗunsa duka biyu. Ina kallo hannun hagu ya tafi ya kamo gefe ya matse a hammata, haɓa ta ɗago, ya fara takowa irin ta masu bishit, saƙin yana jan ƙasa. Mai ɗaukar bidiyon ya ce, “Jama'a a ba da hanya, ga Balarabe.” Aka yi dariya. Na ji kunya da haushi, na ji kamar in shiga cikin wayar in janye shi.

Sai na ga yayana ya dafa ƙasa ya miƙe daga cikin dattawa. Ya tsufa fiye da yadda nake zato, yana ɗan ɗingishi. Ya tako har gaban yaron. Ya kama hannun nan na hagu ya ɓamɓare shi daga rigar a hankali. Ya sunkuya ya tattaro hannun rigar daga ƙasa, ya kakkaɓe ƙurar, ya ninka ya saɓa masa a kafaɗar hagu. Ya zagaya ya yi wa ta dama haka. Ya dafa kafaɗun biyu ya ɗan girgiza su. Sannan ya kama hannunsa ya ja shi cikin iyaye, ya zaunar da shi kusa da Kawu, a gurbina. Dariyar ta tsaya. Na ji muryar wani tsoho daga gefe yana cewa, “Allahu akbar, kamar Malam ya dawo.”

Na maimaita bidiyon ban san sau nawa ba. A cikin kallon ne na tuna abin da duk Juma'o'in nan ban tuna ba. Ni ma ba wanda ya tsayar da ni gaban madubi. Ranar Sallar da aka fara ɗinka mini babbar riga, na fito zaure hannayenta suna jan ƙasa, yayyena suna dariya. Malam ne ya kira ni gaban abokansa, ya tattaro ya saɓa mini, hagu sannan dama, ya girgiza kafaɗuna, ya ce in wuce gaba mu tafi Idi. Haka ya yi wa Yaya, haka ya yi wa kowannenmu. Na kuma tuna na sha faɗa wa ɗalibaina cewa toga mutum ba ya iya naɗa ta daidai shi kaɗai, sai wani ya tsaya ya jera masa ninkin. Na faɗa a matsayin abin dariya game da Rumawa. Ashe da yaron ya fito da rigar a saɓe daidai, kamar yadda na so, da Yaya bai samu dalilin tashi ba.

Da yamma na kira don in yi murna. Yaya ya ce, “An ce a madubi ka koya masa. Kai dai boko ya ɓata ka. Yaro ai a gaban mutane ake saɓa masa riga, don a san yana da masu saɓa masa.” Na ce Allah ya ƙara girma. Sunan Balarabe dai ya bi shi har yau, amma taubasan da suka laƙaba masa su ne suke zuwa ɗaukarsa a babur in za a je gaisuwa, kuma ba a yanke shawarar samarin gidan sai yana wurin.

Bayan kamar shekara aka turo mini wani bidiyon daga wurin wani suna. Yana tsaye cikin taubasansa a wata shadda tasa ta kansa, suna musu kan ƙwallo, Hausa tana zuba daga bakinsa. Yana tsakiyar magana hannun rigar ya zame. Bai ko dube shi ba ya tattaro ya jefa kafaɗa, ya gyara ɗayan, ya ɗan girgiza, ya ci gaba da musunsa. Na yi farin ciki ƙwarai. Na kuma gane a lokacin cewa ya zama nasu, ba zai ƙara zama yaron falonmu na Badi'a ba, wannan kuwa ya yi mini ciwo duk da ni na roƙa.

Na kira shi daga cikin mota a bakin ofis, na ce na ga kafaɗa ta zauna. Ya yi dariya. Ya ce rigar Malam tana wurin Baffa a ajiye, an kai ta an buge ta, tana jirana. Na ce ai ni sai na sake komawa gaban madubi kafin in shiga taron gidan nan, kada taubasansa su samu abin faɗa.

“Kada ka damu, Baba,” ya ce. “Ranar da ka dawo, ka fito da ita tana jan ƙasa kawai. Ni zan taso in saɓa maka.”

Na ce Allah ya kai mu. Bayan ya kashe na daɗe zaune riƙe da wayar, sannan na share fuska da hannun tob ɗina na koma ofis.